Lambar da Muke Bugawa a Gindin Kamshaf

Ranar da Dewey Sizemore ya fara shigowa shagon Verlin Caudill, an kwana ana yayyafi mai sanyi, da gari ya waye kuma gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu har ba a ganin rufin cocin da ke tsallaken titi. Watan Maris ne na 1987. Ina bayan shago ina wanke wani inji a tankin ruwan zafi, na ji mota ta tsaya. Ƙirar Nova ce ja, tsohuwa, amma da gani ana kula da ita. Mai ita ya shigo yana karkaɗe hula, ƙato mai jan gemu, direban tifar kwal. Bai gama gaisuwa ba ya ce kamshaf na injin mota yake so, mai lamba ɗari uku da shida, irin wanda ya gani a mujalla. Motar ce ta zuwa aiki, ita ce kuma zai riƙa shiga tsere da ita ranar Asabar.

Verlin yana tsaye a gaban na'urarsa. Bai juyo ba sai da ya gama tozon ƙarfen da yake wasawa.

Verlin ɗan kwarin nan ne kamar ni, ajinmu ɗaya a makaranta har muka bari. Shi ya tafi birnin Dayton ya yi shekara goma sha biyu a wata masana'anta, a can ya koyi wasa kamshaf, a can kuma kunnensa na hagu ya mutu. A 1969 ya dawo gida da tsohuwar na'urar wasa ƙarfe a bayan tirela, ya kama tsohon shagon wani maƙeri, ya ce in zo in riƙa wanke masa injuna. Gajere ne siriri, kullum da tsinken sakace a baki, ba ya son magana. Matarsa ta rasu tun 'yarsu tana ƙarama, bai sake aure ba. Abin da yake da shi a duniya na'urar nan ce da sunansa. Daga gundumomi huɗu ake zuwa, domin an san motar da Verlin ya zaɓa wa kamshaf tana gudu a filin tsere, kuma tana kai mai ita aiki ranar Litinin.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Sandar ƙarfe ce mai tozaye a jere, tana juyawa a cikin inji, kowane tozo ya danna bawul ɗinsa ya buɗe, mai ya shiga, hayaƙi ya fita. Lambar da maza ke kira tana nufin daɗewar da bawul zai yi a buɗe. Babbar lamba ba ta da amfani sai inji yana ihu a can sama. A ƙasa kuwa, a danja ko a hawan dutse, sai inji ya yi ta tari yana jijjiga, ƙarfinsa ya tafi, birki ya yi tauri. To wannan tarin shi ne abin da maza ke so. In mota ta tsaya a gaban gidan abinci tana gurnani tana rawa, kowa sai ya ajiye cokali ya leƙo.

Verlin ya tambayi Dewey nauyin motar, da irin giyar da ke juya tayoyin baya, da girman tayoyi. Dewey yana amsawa yana ƙarawa da cewa shi duk Asabar yana fili, ƙafarsa kuma nauyi gare ta. Verlin ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi ƙarfe nawa yake fita aiki gobe.

Haka yake yi wa kowa. Ba ya zaɓar wa mutum kamshaf sai ya shiga motarsa sun bi hanyar da yake bi kullum. Ya taɓa gaya mini cewa a shekara ashirin bai ga namijin da ya faɗi gaskiya a kan yadda yake tuƙi ba. Kowa cewa yake kullum yana fili, alhali sau biyar yake zuwa a shekara, sauran kwanakin kuwa burodi da madara motar ke ɗaukowa. Saboda haka sai ya zauna a gefen direba da kofi a hannu, idonsa a kan allurar da ke nuna juyin inji. In sun isa ya nemi waya ya kira ni in ɗauko shi a a-kori-kurar shago.

Washegari na ɗauko shi a harabar da tifofin kwal ke kwana, mil goma sha tara daga gari. Muna hanya ya ce allurar ba ta wuce dubu uku ba ko sau ɗaya, lanƙwasa ashirin da shida ya ƙirga, hawa biyu masu tsayi. Ya kuma ga takalmin mace a ƙarƙashin kujera, da ya tambaya Dewey ya ce matarsa Wanda ce ke ɗaukar motar ranar Lahadi, ita ke kai mahaifiyarta asibiti kowane wata.

Kwana biyu ya yi a kan ƙarfen. Ɗari biyu da saba'in ya wasa, sai dai ya ɗan matse tozayen kusa da juna domin injin ya riƙa ɗan gurnani in yana silo. Da ya gama ya goge shi da tsumma, ya miƙo mini, ya ce in buga wa mutumin abin da ya nema. Na ɗauko guduma da ƙarafan lamba na buga uku, sifili, shida a gindin kamshaf ɗin.

Ba ranar na fara ba. Tun 1972 muke haka. Kafin nan Verlin yakan gaya wa mutum gaskiya a fuska, cewa abin da yake nema ya fi ƙarfin motarsa. Sai mutum ya yi godiya ya fita, ya yi odar babban ta gidan waya, bayan wata biyu a jawo motar da igiya. Da abin ya ishe shi sai ya daina gardama. Ba zan ce ba ƙarya ba ce. Ƙarya ce, kuma da hannuna nake buga ta. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya damunsa in muna coci. Ya ce shi dai bai taɓa ba mutum ƙarfen da zai cuce shi ba, in Ubangiji ya tambaye shi lamba zai yi bayani.

Motar Dewey ta fito yadda ake so. A filin tseren da ke bayan kasuwar shanu tana yanke layi a sakan bakwai da ɗigo shida, kuma ba yau kaɗai ba, kullum haka. Shekara uku yana kwashe kofuna. Da safe ta haye duwatsun nan ba ko tari, matarsa Wanda na tuƙa ta da yatsa biyu. Duk inda Dewey ya zauna sai ya kawo zancen ɗari uku da shida, ya ce ba kowace ƙafa ke iya riƙe irin wannan ba. Kowane Nuwamba yakan kawo wa Verlin cinyar barewa a naɗe a takarda, ya kira shi kawu duk da babu abin da ya haɗa su.

A farkon 1990 ƙanin Wanda matar Dewey, Rondal Begley, ya dawo daga Michigan bayan an rage ma'aikata a inda yake aiki. Mutum ne mai shekara talatin da biyar, ya dawo da akwatunan kayan aiki masu ƙyalli da baki mai yawa. Sarƙar injin Dewey ta saki, suka buɗe gaban injin a garejin gida domin su canza. Tunda an riga an buɗe, Rondal ya ɗaura faifan awo da ya zo da shi, wai ya nuna wa surukinsa yadda ake aiki a birni. Ya auna sau uku. Ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Laifinsa shi ne kafin Asabar babu wanda bai gaya wa ba.

Ran Asabar ɗin muna fili ni da Verlin, muna zaune a bayan a-kori-kura muna cin wake da burodin masara. Tun da Dewey ya shigo aka fara. Wani ya ɗaga murya ya tambaye shi ko ya nemi izinin kakarsa kafin ya aro kamshaf ɗinta. Wani ya ce a ba Nova hanya, za ta kai ƙwai kasuwa. Kafin azahar sunansa ya koma Kaka. Ya hau layi sau biyar ranar, sau biyar yana ci. Na ƙarshe da Rondal ɗin ne, wanda motarsa ke ɗauke da babban kamshaf na gaske, Dewey ya bar shi da tsawon mota biyu. Ya dawo ya tarar wani ya ɗora hular coci ta tsofaffin mata, mai furen roba, a inda yake ajiye motarsa. Rondal da aka ci shi ne ya fi kowa dariya. Da aka kira Dewey ya karɓi kofi bai je ba, ya tada mota ya tafi.

Na daɗe ina zuwa filin nan, ban taɓa ganin an yi wa mutum dariya don ya ci tsere ba sai ranar. Waken ma kasa ƙarasa shi na yi.

Litinin da hantsi ya shigo da kamshaf ɗin a hannu, mai yana ɗiga a ƙasa, ya dangwarar da shi a kan kanta. Babu kawu ranar.

"Nawa ne wannan, Mista Caudill?"

"Ɗari biyu da saba'in," in ji Verlin.

"Me aka rubuta a gindinsa?"

"Ka iya karatu." Verlin ya cire tsinken daga baki. "Ɗana, motar ta taɓa kunyata ka? A hanya ko a fili?"

"Kai ka kunyata ni. Shekara uku ina tsayawa a gaban maza ina faɗin abin da ba shi ba, kana zaune kana cin naman da na kawo maka."

"Shekara uku kana cin su a tsere."

"Da kamshaf ɗin tsohuwa nake cin su. Gara a ci ni da nawa."

Ya juyo wajena ya ce, kai ma Hobart, kai ka buga ko? Na ce ni na buga. Ya yi tsaki ya fita, ya bar ƙarfen a nan. Na ɗauke shi na duba. Bayan shekara uku tozayen suna sheƙi sumul, ko ƙwarzane babu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni takaici. Rondal ya shiga bin gareji gareji da faifansa, ana ba shi kwalbar giya yana awo. Mutanen da suka yi shekara goma suna yabon motocinsu, suna kawo abokansu shagonmu, suka wayi gari motocin sun zama abin kunya. Babu abin da ya canza a cikin injin tsakanin jiya da yau, lamba kawai aka gaya musu. Suka riƙa zare lafiyayyun ƙarafa suna cusa manya na oda. Wasu su kawo tsohon su jefar a ƙofar shago, da safe in tsince su in zuba a durom. Kafin rani ya yi nisa durom ɗin ya cika. A coci wani dattijo da Verlin ya yi wa aiki sau biyu ya wuce shi wajen gaisawa kamar bai gan shi ba. Na'ura ta yi shiru, sai jefi-jefi manomi ya kawo na tarakta.

Na ce wa Verlin ya yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara. Agogon fili ba ya ƙarya, in suka ga motocinsu sun rage gudu da ƙafarsu za su dawo. Na yi kuskure. Motocin sun rage gudu, kusan dukansu, amma sai aka ce kwaltar fili ce ta tsufa, aka ce zafi ne, aka ce man yanzu ba shi da kyau. Da yamma su jeru a gaban gidan abinci, boneti a buɗe, injuna suna tari suna zubar da ɗanyen mai har ido na yaji, su tsaya da hannu a aljihu suna saurare suna gyaɗa kai. Akwai wanda na sani sai matarsa ta tura shi kowace safiya kafin motar ta tashi. Shi ma yana cikinsu, ya fi kowa gyaɗa kai.

Verlin bai fasa zuwa shago ba duk watannin nan. Yakan zo ƙarfe bakwai ya shafa wa na'ura mai, ya zauna. Ya rame. Abin da ke cinsa ba rashin aiki ba ne, sunan ne. Mutumin da ake cewa je wurin Verlin ya koma wanda in ya shiga kanti ake yin shiru.

A watan Satumba ya ɗauki waya ya kira Dewey da kansa. Ya ce ya kawo motar, zai wasa masa ɗari uku da shida na gaske, kuma ya zo da Rondal da faifansa da duk wanda yake so ya gani. Na ce masa ya san abin da ƙarfen nan zai yi wa motar, ya san kuma wa ke tuƙa ta ranar Lahadi. Ya juya mini kunnen hagu.

Mutum goma sha ɗaya suka zo. Rondal ya auna a gabansu, ya sake aunawa, ya ce daidai ne, ko ɗigo bai ragu ba. Aka miƙo mini guduma na buga lambobin nan uku ana kallo. Da aka tada injin sai da gilashin taga ya yi rawa. Dewey ya tsaya yana murmushi har kunne.

Motar ta koma mutuwa a danjar gaban banki sai an riƙe ta da ƙafa biyu, ɗaya a birki ɗaya a totur. A hawan dutse sai ya sauko giya ta ɗaya, tifofin abokan aikinsa na danna masa oda a baya. Matarsa Wanda ta ɗauke ta sau ɗaya za ta kai mahaifiyarta asibiti. A gangaren farko ta taka birki ta ji shi kamar dutse, da ƙyar ta samu ta raɓa gefen hanya. Ta bar tsohuwar a ciki ta taka mil ɗaya zuwa gidan da ke da waya. Ba ta sake taɓa makullin ba, daga nan maƙwabciya ke kai su. A fili kuwa motar ta yi sakan takwas da ɗigo ɗaya, aka fitar da shi a zagayen farko. Ya dawo ya buɗe bonet, maza suka kewaye, babu wanda ya ce Kaka. Ya ratso taron ya zo har inda muke zaune ya kama hannun Verlin da hannu biyu.

"Yanzu ka yi aiki, kawu," ya ce.

Verlin ya ce ya gode.

Cikin wata guda aiki ya dawo, har ya fi na da. Aka ce ai tsoho ya iya, da can wasa yake da mutane. Dattijon coci ya dawo gaisawa. Verlin bai ƙara shiga motar kowa ba. Mutum ya shigo ya faɗi lamba, ya wasa masa, in buga, a biya, a tafi. Ba ya tambayar nauyi, ba ya tambayar giya. Aikin hannunsa yana nan da kyau kamar kullum, ƙarfe sumul, awo daidai, kuma kusan kowanne ya san bai dace da motar da za a sa shi ba. Ni ina bayan shago ina jin su suna fita da tari, in ci gaba da wanki.

Mutumin da ya ƙarasa ni wani ma'aikacin gidan waya ne daga gundumar da ke kusa, mutum mai ladabi, mai wajen shekara hamsin. Ya zo da takarda ya rubuto komai, nauyin motarsa, giyarta, nisan gidansa da wurin aiki. Ya ce shi bai san kan abin ba, sau uku ko huɗu yake zuwa fili a shekara, Mista Caudill ya zaɓa masa abin da ya ga ya dace. Shekara ashirin Verlin yana jiran mutum irin wannan. Ya dubi takardar, bai karɓa ba, ya tambaye shi lamba nawa yake so. Mutumin ya rikice, ya ce abokansa dai sun ce ɗari uku. Verlin ya rubuta ɗari uku.

Da ya fita na ajiye tsumma na zo gaban kanta. Ban saba yi masa magana a kan aikinsa ba, amma ranar na ce wannan bai nemi a cuce shi ba, gaskiya ya zo nema.

"Yau gaskiya yake so," in ji Verlin. "Asabar abokansa za su auna. Hobart, da ƙyar na karɓo sunana. Ba zan sake ba da shi don motar wani ba."

Na ce sunan da aka karɓo da irin wannan aikin ni ban ga abin da za a yi da shi ba. Ya kunna na'ura, ni kuma na buga lambar da yamma, domin aikina ke nan.

Ban bar shi ba. Mun yi shekara uku a haka, muna cin abincin rana tare kamar da, sai dai ba ma zuwa fili. A 1993 ya ce idonsa ya fara gajiya da awo, ya rufe shagon. Ban yarda idon ne ba, a lokacin yana karanta jarida ba tabarau. Har yau in tsofaffi suka zauna a gidan abinci suna yabonsa, cewa suke babu wanda ya kai shi wasa babban kamshaf, ni kuwa in sha kofina.

Verlin yana da rai, shekararsa tamanin da huɗu. Yana zaune a gidan 'yarsa a Dayton, a ɗakin ƙasa saboda gwiwa, ya daina tuƙi. Na'urar wani mutumin Tennessee ya saye ta, shagon kuma yanzu wayar hannu ake sayarwa a ciki.